Yadda Ake Kula da Man Giya da Filta a Mota Mai Giya Otomatik

Giya otomatik ba ta saurin kai ƙara. Idan baƙin mai ya lalace, inji ba ya jimawa zai faɗa maka, ko ta canjin ƙararsa ko ta fitilar da za ta kama a gaban direba. Giya kuwa sai ta yi ta jan mota da man da ya gaji shekara da shekaru, har ranar da za ka sa D, wato giyar tafiya gaba, ka taka totur, inji ya ɗaga murya, mota ta ƙi motsawa. In an kai nan, canjin mai ya daina amfani, sai dai a sauke giyar a buɗe ta. Duk abin da zan bayyana ana yin sa ne tun giya tana da lafiyarta.

Man giya otomatik ba aikin santsi kaɗai yake yi ba. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin tok konbata, wancan kewayayyen ƙarfe da ke tsakanin inji da giya. Shi famfo ke turawa ta ƴan siraran hanyoyi da bawul-bawul, ya je ya matse faifan kuloci duk lokacin da mota za ta canza giya. Shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai lagireto. Sannan an haɗa shi da sinadaran da ke sa faifan nan su kama juna daidai wa daida, ba fizga ba sulɓi. Zafi ne ke cinye waɗannan sinadarai. Man yana aikinsa lafiya a wajen digiri 80 a ma'aunin Celsius, amma in yana yawan haura 100, kamar yadda ke faruwa a cunkoso, ko hawan tudu da kaya, ko jan wata mota, tsufa na zo masa da wuri.

Fara da sanin man da giyarka ke sha

Kafin ka taɓa sifana, ka buɗe littafin motar. Ba duk jan mai ne man giyarka ba. Launin ja rini ne kawai da ake sawa don a bambanta shi da baƙin mai, kuma ba kowane ne ja ba: akwai kore, akwai shuɗi, akwai ruwan zuma. General Motors ta fito da Dexron a 1967, ya daɗe yana yi wa motoci da yawa aiki, shi ya sa har yau wasu ke ɗauka mai ɗaya ya ishi kowace giya. Wancan zamani ya wuce. Toyota tana da T-IV na tsofaffin motocinta da WS na waɗanda suka biyo baya. Honda tana da DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Hyundai da Kia suna da SP-III da SP-IV, Ford tana da Mercon V da Mercon LV, Chrysler tana da ATF+4, ita kanta General Motors ta koma Dexron VI tun 2005. Sabbin mayukan sun fi na da tsinkewa, kuma an gina giyar ne a kan wannan kaurin. In ka zuba mai kauri inda ake son tsinkakke, mota za ta tashi, za ta yi tafiya, sai bayan wata da watanni ta fara fizga, a lokacin kuwa an manta da mai, a ɗora wa wani abu laifi.

Giya irin CVT, mai tafiya da bel da fule, manta daban ne ɗungurungum, kamar NS-2 da NS-3 na Nissan. Haka ma giya mai kuloci biyu irin DSG ta Volkswagen. Zuba musu man otomatik na gama-gari ɓarna ce kai tsaye. Sunan man yakan kasance a littafi, wani lokaci a kan sandar geji, wato sandar da ake tsomawa a auna yawan mai, wani lokaci a buge a jikin notin da ake zuba mai. Ni dai ban yarda da galan ɗin da aka rubuta wai ya dace da kowace mota ba, sai in na ga lambar man motata a jerin da ke bayansa.

Yadda ake duba geji

Ka yi tafiyar minti 15 zuwa 20 giya ta ɗumama, domin man yana kumbura in ya yi zafi, awon sanyi kuwa yaudara ne. Ka tsaya a wuri miƙaƙƙe, ba gangare ba, ka ja hambirki. Ƙafarka a kan birki, ka bi da sandar giya ta P, R, N, D da sauran, kana tsayawa daƙiƙa biyu ko uku a kowanne, sannan ka mayar P. Wannan yana cika hanyoyin mai ne. A yawancin motoci ana awon ne inji yana kunne. Honda ta fita daban: a yawancin motocinta masu geji ana kashe inji ne, a auna cikin kamar minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wasu motocin kuma a N ake aunawa. Nan ma littafi ne alƙali.

Ka zaro gejin, ka goge da farin tsumma marar gashi, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Ka duba ɓangarorin biyu na sandar, ka ɗauki wanda ya fi ƙasa, don bututun kan shafa wa gefe ɗaya mai ya sa ka ga kamar ya cika. Man ya kamata ya tsaya tsakanin alamomi biyu na sashen da aka rubuta HOT, wato na awon zafi.

Kada ka tsaya a yawa kaɗai. Ka ɗiga man a farar takarda ka kalla, ka kuma shinshina. Ja garau, ko ja da ya ɗan yi duhu amma kana ganin haske ta cikinsa, lafiya lau. In ya koma ruwan ƙasa, lokacin canji ya yi. In ya yi baƙi yana ƙauri, faifan kuloci sun riga sun sha wuta, kuma akwai bayani a kan wannan a gaba. In ka ga ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ka kashe motar a nan. Ruwan lagireto ne ya shiga, galibi ta bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireton, kuma ruwa yana ɓamɓare abin da aka manna a jikin faifan. Kumfa kuma alama ce ta ɗayan biyu: ko mai ya yi yawa giya na kaɗa shi, ko ya yi ƙasa famfo na zuƙar iska. Giya ba ta ƙona mai kamar inji, saboda haka in ya ragu, yoyo ne, sai a nemo inda yake.

Motocin yanzu da yawa ba su da geji sam. Su ana duba su ne ta ƙasa, kuma zan zo kansu a wajen zuba mai.

Yaushe ake canzawa

Masu ƙera mota da yawa suna sa canjin tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000, kuma suna rage wa'adin ga motar da ke aikin wahala. Abin da suke kira aikin wahala ya haɗa da zafi, ƙura, cunkoso, ɗaukar kaya da gajerun tafiye-tafiye, wato rayuwar yawancin motoci ke nan. In motarka na cikin wannan sahu, canji kowane kilomita 50,000 zuwa 60,000 ba almubazzaranci ba ne.

Wasu littattafan sukan ce man na tsawon rayuwar giya ne, ba a canzawa. Ka karanta wannan da hankali. Kamfanin ZF, wanda ke ƙera giyar motoci da yawa irin BMW, shi da kansa yana ba da shawarar a canza man giyarsa, ko da kamfanin da ya ƙera motar bai sa haka a littafi ba. Wanda ya ƙera giyar ya fi kowa sanin cikinta.

Kayan aiki

Kana buƙatar man da ya dace, ka sayo da rarar lita ɗaya. Sai sabuwar filta da robar bakinta, sabon gasket (abin da ake sawa a bakin kasko don hana yoyo), sabuwar wosha ta notin zubarwa, faffaɗan mazubi, jarka mai alamar lita, dogon mazurari ko ƙaramin famfon hannu, sifanoni, tsummoki masu tsabta, safar hannu da tabarau. In za ka samu sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka same ta, za ka ga amfaninta. Sai jak da ƙafafun tokare mota. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya.

Ka tabbatar giyarka tana da filtar da ake kaiwa gare ta. Galibi tana cikin kaskon da ke rufe ƙasan giya, inda mai ke taruwa. A motocin Honda da yawa babu kaskon da ake kwancewa, filtar tana can ciki sai an raba giya, don haka zubarwa da zubawa kawai ake yi, sai dai in akwai ƴar ƙaramar filta a waje a kan tiyo. A giyoyin ZF masu kaskon roba kuma filtar a haɗe take da kaskon, gaba ɗaya ake canzawa.

Sauke kasko da canza filta

Ka ɗumama motar kaɗan, man ya yi ɗumi ya tsinke, amma kada ya kai zafin da zai sale maka fata. Ka ɗaga ta ta tsaya daidai, ka tokare, ka sa duwatsu ko katako a tayoyin da ke ƙasa. Ka goge ƙasa da dattin da ke kewaye da kaskon tun kafin ka buɗe komai, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul.

In motarka marar geji ce, abu na farko shi ne ka kwance notin ƙofar zuba mai. Ka tabbatar yana buɗuwa kafin ka zubar da ko ɗigo. Wanda ya zubar da mai sannan ya tarar notin zubawa ya cije, ya zauna da motar da ba ta tashi.

In kaskon yana da notin zubarwa, ka kwance shi, ka bar mai ya tsiyaye. In babu, a nan ake yin wanka da mai in ba a yi dabara ba. Ka sassauta notocin kaskon duka kaɗan-kaɗan, ka cire na gefe ɗaya gaba ɗaya, ka bar na ɗaya gefen suna riƙe da shi. Kaskon zai karkata, mai ya zubo ta kusurwa ɗaya zuwa mazubi. In ya manne, ka bubbuge shi da gudumar roba. Kada ka cusa sukurdireba tsakanin kasko da jikin giya, don alminiyan ba ya jure ƙwarzane, kuma inda ya ƙwarzanu nan yoyo zai zauna. Idan zubar ta lafa, ka tallabe kaskon da hannu ɗaya, ka cire sauran notocin, ka sauke shi a miƙe, akwai sauran mai a ciki.

Duk man da ya fita, har da na cikin kaskon, ka juye a jarkar awo ka rubuta adadin. Galibi lita 3 zuwa 5 ne. Wannan adadin ne zai yi maka jagora a wajen zubawa.

Yanzu ka tsaya ka karanta kaskon, domin babu inda giya ke faɗin gaskiyar lafiyarta kamar nan. Akwai maganaɗisu ɗaya ko fiye a ƙasansa. In ka ga laushin toka-toka ya lulluɓe su, mai santsi in ka murza da yatsa, wannan cin yau da gobe ne, ba komai. In ka ji tsini, ko ka ga ɓarɓashin ƙarfe da ake iya ɗauka da farce, wani abu na karyewa a ciki. Ƙyalƙyali mai launin zinariya tagulla ce daga bushi ko wosha. Baƙin gari mai yawa kuwa faifan kuloci ne suka zube. In ka ga irin waɗannan, ka ɗauki hoto, ka ajiye ɓarɓashin ka nuna wa makaniken giya. Sabon mai ba zai mayar da abin da ya ci ba.

Filtar tana manne a ƙarƙashin akwatin bawul, wasu da notoci biyu ko uku, wasu tura su kawai ake yi. Ka lura da tsawon kowane noti da inda ya fito, don ba lallai tsawonsu ɗaya ba. Kada ka kwance notin da ba na filta ba, na akwatin bawul suna nan kusa kuma sun yi kama. Ka ja filtar ƙasa a hankali kana ɗan murɗawa, za ta zubo da mai kaɗan. Sai ka leƙa ramin da wuyanta ya fito. Sau da yawa tsohuwar robar takan maƙale a ciki. In ka tura sabuwa a kanta, filtar ba za ta zauna ba, famfo ya riƙa zuƙar iska, mota ta riƙa jinkirin shiga giya. Ka zaƙulo ta da abin da ba zai ƙwarzane ramin ba.

Ka jera sabuwar filta da tsohuwa ka gwada: tsawon wuya, wurin notoci, zurfi. Ka shafa wa sabuwar robar sabon mai, ka tura har ta zauna daram. Wasu filtocin ragar ƙarfe ce, ana iya wankewa a mayar, amma mai ƙyalle ko takarda a ciki ba ta wankuwa, canzawa ake yi.

Ka wanke kaskon tas, ka goge maganaɗisun ka mayar da su daidai inda suke. Ka kankare ragowar tsohon gasket daga kaskon da jikin giya da abin roba. Ka bar shi ya bushe sarai. In bakin kaskon ƙarfe ya lotsa a wajen ramukan noti, saboda wani ya taɓa ɗaure shi fiye da kima, ka ɗora a kan katako ka daidaita da ƙaramar guduma. Gasket na roba ba ya buƙatar gam. Inda kamfani ya ce a yi amfani da gam a madadin gasket, siririn layi ɗaya ya isa. In ka lafta, rarar takan matso ciki, ta gutsure, ta je ta toshe filtar da ka sa yanzu.

Ka ɗora kaskon, ka fara ɗaura duk notocin da hannu. Sannan ka bi su da sifana a gicciye, wannan gefe sannan na ƙetarensa, zagaye biyu ko uku. Notocin nan ƙanana ne, ƙarfinsu galibi wajen Nm 8 zuwa 12 ne kawai (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da sifana mai awo ke nunawa), ka duba na motarka. Yawancin yoyon da ke biyo bayan wannan aiki daga yawan ɗauri yake zuwa, ba daga ƙarancinsa ba. Ka sa sabuwar wosha a notin zubarwa ka ɗaure.

Zuba mai da daidaita shi

Ga mai geji, ka sa mazurari a bututun gejin, ka zuba ƙasa kaɗan da abin da ya fita, kamar da rabin lita. Ka tayar da inji, ƙafa a birki, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka duba alamar COLD, wato ta awon sanyi, don ka tabbatar akwai isasshen da za a yi tafiya. Ka fita ka ɗumama motar, ka dawo ka auna yadda aka bayyana a baya, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Tazarar alamomi biyun nan takan zama rabin lita ko ƙasa da haka, kuma ƙari ya fi ragi sauƙi.

Ga marar geji, aikin ya fi son natsuwa. Dole motar ta tsaya daidai a ɗage. Ana tura mai da famfon hannu ta ƙofar zubawa, a tayar da inji, a bi giyoyi, sannan a buɗe notin awo, wanda ke gefen giya ko a ƙasan kasko, inji yana kunne. In mai bai fito ba, a ƙara. In yana kwarara, a jira har ya koma siririn zare yana shirin ɗiga, a rufe. Sharaɗin shi ne zafin man ya kasance cikin iyakar da kamfani ya sa, galibi wani wuri tsakanin digiri 30 da 50, kuma kowace giya da tata iyakar. In ka auna da sanyi, mai zai yi yawa. In ka bari ya yi zafi sosai, zai kumbura ya zube, giya ta tashi da ƙaranci. Na'urar sikana, wadda ake jonawa da kwamfutar mota, ita ce ke nuna wannan zafin daidai. In ba ka da ita, wannan matakin ka bar wa mai ita, ya fi ka yi kirdado da tafin hannu.

Man da ya rage a ciki

Giya takan ɗauki lita 7 zuwa 12, amma sauke kasko yana fitar da kashi ɗaya cikin uku ne zuwa rabi, sauran yana cikin tok konbata da tiyo-tiyo. Ga wanda ke canzawa a kan lokaci, wannan ya wadatar. In man ya yi duhu sosai, ka zubar ka zuba sau uku, kana tafiyar ƴan ɗaruruwan kilomita a tsakani. In kowane zagaye na fitar da kashi 40 cikin 100, bayan na uku tsohon man da ya rage bai wuce kashi 22 ba. Filta sau ɗaya za ka canza. Akwai injin da ke musanya man gaba ɗaya ta tiyon sanyaya mai, kuma yana da kyau ga giya mai lafiya, sai dai shi ba ya canza filta, ba ya kuma nuna maka abin da ke cikin kasko. Sinadaran wanke giya da ake zubawa kafin canji, ni ba na ba da shawararsu, Honda ma ta hana amfani da su a giyoyinta.

Sai maganar da ake yawan yi, wai in mota ta tsufa ba a taɓa canza mata man giya ba, a bar shi, canji ne zai kashe ta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an juya dalilin. Giyar da faifanta suka riga suka cinye, garin faifan da ke yawo a tsohon mai da kaurin man ne ke taimaka mata ta ɗan kama. In an sa sabo, sai sulɓin da ke ɓoye ya fito fili. Ba sabon mai ne ya kashe ta ba, dama ta zo gargara. Saboda haka ka duba abu uku: man yana ƙauri? Giya tana sulɓi ko jinkirin shiga? Akwai ɓarɓashi a kasko? In amsar duka a'a ce, ka canza ko da motar ta yi nisa, ta hanyar zubarwa da zubawa a hankali. In akwai e a ciki, makanike za ka fara gani kafin mai sayar da mai.

Bayan aiki, wasu motocin sukan yi kwana biyu suna canza giya daban da yadda ka saba, kwamfutarsu na sake koyon yadda faifan ke kamawa da sabon mai. Wannan yakan daidaita da kansa. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare, da safe ka duba ko akwai ɗigo, ka sake auna man bayan mako guda. Tsohon man ka zuba a jarka mai murfi ka kai inda ake karɓar mataccen mai, kada ya shiga kwata ko ƙasa. Ka rubuta kwanan wata, kilomita, sunan man da yawan litar da ta shiga a bayan littafin motar.